Zafin Jiki da Lokacin Ɗaukar Ciki: Abin da Ma'auni Ke Faɗa wa Mace

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta]

  Gaisuwa ga mutanen birnin Maraɗi, daga Bagalam zuwa Mokoyo, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo. Gaisuwa ga Gobirawan Tibiri, da manoman rani na Jiratawa, da duk wanda muryarmu ta iske a gida, ko a shago, ko a bisa hanya.

Zancen yau na ma'aurata ne, kuma akwai wuraren da sai an fito fili an faɗi abu da sunansa. Iyayenmu mata, iyayenmu maza, a yi mana aikin gafara. Malamai sun ce ba a jin kunya wajen neman sani, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Za mu yi magana kan yadda mace za ta auna zafin jikinta kowace safiya, ta gane lokacin da ƙwan haihuwarta ke fita, da abin da wannan awo ke iya nunawa, da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ƙasarmu ƙasar haihuwa ce. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa in an daidaita lissafi, mace guda na haihuwar ƴaƴa 7.6 a tsawon rayuwarta, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya haura takwas. A wurin da kowane mako ake raɗin suna, matar da haihuwa ta yi wa jinkiri ita ta san nauyin da take ɗauke da shi. Ta je barka, ta je suna, ta ɗauki ɗan wata ta yi masa rawa, ta koma ɗaki ta share hawaye. Uwar miji ta fara tambaya a fakaice, dangin miji su fara habaici, wani ma ya jefe ta da kalmar juya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya, maza da mata, yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ɗaya gefen kuma ga wadda kunika ta gajiyar, goyo a baya, ciki a gaba, tana neman hutu. Su biyun nan abu guda suke buƙatar sani: wane lokaci ne a wata ciki ke shiga?

KASHI NA ƊAYA: ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Lissafin watan mace yana farawa ne daga ranar farko da ta ga jini sosai. Wannan ita ce rana ta ɗaya. Yana ƙarewa ana gobe jinin gaba zai zo. Wata takan yi kwana 28, wata 25, wata 33, kuma duk lafiya ce. Likitoci suna ɗaukar kwana 21 zuwa 35 a matsayin daidai ga babbar mace.

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna, ya fita, ya shiga bututun da ke kai wa ga mahaifa. Wannan ƙwai ba ya daɗewa. In bai gamu da maniyyi ba cikin awa 12 zuwa 24, shi ke nan, na wannan wata ya wuce. Maniyyin namiji shi ne mai tsawon rai, don yana iya zama a jikin mace har kwana biyar yana jira, in ya samu yanayin da ya dace.

A 1995 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Allen Wilcox, suka wallafa sakamakon bin diddigin mata 221 masu neman ciki. Suka tarar duk cikin da aka samu ya fito ne daga saduwar da aka yi cikin kwana shida: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitar kanta. Ku riƙe wannan da kyau, ƴan uwa, don duk zancen yau a kansa ya rataya. Kwanakin da suka fi albarka suna gaban fitar ƙwai ne.

To ina zafin jiki ya shigo? Da zarar ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan fara fitar da wani sinadari da ake kira furojestaron. Aikinsa shi ne shirya shimfiɗar mahaifa don karɓar ciki. Wannan sinadari yana ɗan ɗaga zafin jikin mace, da abin da bai wuce ɗigo 2 zuwa ɗigo 5 na digiri ɗaya ba. Ba za ki ji shi a jikinki ba, tafin hannu ma ba zai gane shi ba, sai ma'auni. Zafin yakan tsaya a sama kimanin mako biyu. In ciki bai shiga ba, sinadarin ya ragu, zafin ya sauka, jini ya zo. In ciki ya shiga, zafin ya ci gaba da zamansa a sama.

Wannan sani ya haura shekara ɗari. Wani likitan mata ɗan ƙasar Holan, Van de Velde, ya rubuta a wajajen 1905 cewa zafin jikin mace hawa biyu ne a wata, na ƙasa da na sama. A 1935 wani limamin coci a Jamus, Wilhelm Hillebrand, ya fara koya wa ma'aurata amfani da shi wajen tsara iyali.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, wai kowace mace ƙwanta rana ta 14 yake fita. Wannan lissafin mai kwana 28 ne kawai, shi ma ba kullum ba. Abin da ya fi tsayawa wuri guda shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da jinin gaba, wato kimanin kwana 12 zuwa 14. Don haka mai kwana 35, nata ƙwan sai wajen rana ta 21. Mai kwana 24 kuwa, wajen rana ta 10, wato tana yin wankan tsarki ta riga ta shiga kwanakin ɗaukar ciki. Kin ga in kika ari lissafin maƙwabciyarki, kina iya shekara kina saɓa wa naki lokacin.

[Gajeren kiɗa]

KASHI NA BIYU: YADDA AKE AWON

Kayan aikin uku ne: ma'aunin zafin jiki, wato tarmometir, wanda ake samu a farmasi, littafin ƴan makaranta mai gida-gida, da abin rubutu. Ma'auni mai batir, mai nuna lamba a fuskarsa, ya fi sauƙin karantawa. In an samu mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ya fi. In na gilashi ne, a kaɗa shi tun da dare ya sauka, kuma a ajiye shi nesa da yara. Ma'auni ɗaya za ki riƙe daga farkon wata zuwa ƙarshensa, kada a yi ta canzawa.

Zafin da ake nema shi ne na jikin da ya huta. Saboda haka ana awon ne da farkawa, bayan barcin da bai gaza awa uku a jere ba, tun ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Mu nan Allah ya hore mana agogon da ba ya saɓawa, wato kiran sallar asuba. Ki kwana da ma'aunin a gefen matashi, tare da tocila ko wayarki. Ladan na kira, kafin ki tashi zaune, kafin ki ɗauki buta, kafin ki kurɓi ruwa ko ki tanka wa kowa, ki sa bakin ma'aunin ƙarƙashin harshe can ciki, ki rufe baki. Mai batir zai yi ƙara in ya gama. Na gilashi a ba shi minti biyar. Ki haska, ki karanta, ki rubuta nan take, don lamba ba ta zama a kai. Hammata ba ta ba da awo mai kyau ga wannan aiki. Kwanakin fashin salla ma ana awon, a kan lokacin da aka saba.

A littafin, ki jera kwanakin wata daga hagu zuwa dama: 1, 2, 3, har ƙarshe. Daga ƙasa zuwa sama ki jera awon: 36.0, 36.1, 36.2, har 37.2. Kowace safiya ɗigo ɗaya a gidan da ya dace, sannan ki haɗa ɗigon yau da na jiya da layi. A ƙasan kowace rana ki bar wurin alama: ranar jini, ranar da maigida ya kwana ɗakinki, ranar da ba ki ji daɗin jiki ba. Wadda ba ta yi boko ba, kwafe lambar da ta gani kawai ya isa, ko maigida ya rubuta mata, daga baya sajfam, wato ungozomar asibiti, ta karanta.

Ga misali, ku saurara. Mace ta auna kwana shida a jere ta samu 36.3, 36.2, 36.4, 36.3, 36.2, 36.3. Mafi girma a cikinsu shi ne 36.4. Washegari sai ta ga 36.6, jibi 36.7, gata 36.7. Awo uku ke nan a jere, kowanne ya ɗara duk shidan da suka gabata. Wannan ita ce ƙa'idar: uku a bisa shida. In kin ga haka, alama ce mai ƙarfi cewa ƙwai ya fita, galibi kwana ɗaya ko biyu kafin hawan farko. Awon rana ɗaya ba ya nufin komai. Kuma kada ki gwada lambarki da ta wata, don wata 36.1 ce tata ta ƙasa, wata 36.5. Hawan ake dubawa.

KASHI NA UKU: ABIN DA TAKARDA KE FAƊA

Yanzu mun zo gaɓar da mata da yawa ke yin tuntuɓe. Ma'auni shaida yake bayarwa kan abin da ya riga ya faru. Kamar ki fito tsakar gida da safe ki tarar ƙasa ta jiƙe: kin tabbata an yi ruwa da dare, amma ruwan ya riga ya ɗauke. Matar da ta ce sai ta ga zafi ya hau sannan za ta kusanci mijinta, ta makara. Amfanin awon yana zuwa ne in an tara shi. Wata uku a jere kina gani hawan yana zuwa tsakanin rana ta 17 da ta 19, to kin san gidanki. A wata na huɗu, tun daga wajen rana ta 10 ko 11 kwanakinki masu albarka sun kama, kuma saduwa kowace rana ko bayan kwana bibbiyu a wannan tsakani ta wadatar.

Akwai kuma alamar da ke zuwa kafin ƙwai ya fita, kuma ba ta buƙatar ko dala. Kwanaki kaɗan kafin lokacin, mace takan ga wani ruwa a gabanta, garai-garai, mai santsi da yauƙi, yana miƙewa tsakanin yatsu bai tsinke ba. Ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi. Mata da yawa suna ɗaukarsa ciwon sanyi, su yi ta shan jiƙo da matsi don ya ɗauke, alhali shi ne ke raya maniyyi ya kuma ba shi hanya. Ruwan cuta daban yake: yakan zo da wari, ko ƙaiƙayi, ko launin rawaya ko kore, ko ciwon mara, kuma shi ne ke buƙatar likita. In kika haɗa alamar ruwa da awon zafi, ɗaya na faɗa miki lokaci ya ƙarato, ɗaya na tabbatar miki ya wuce.

Takardar tana faɗin wasu abubuwan kuma. In zafi ya hau ya zauna a sama kwana 18 jini bai zo ba, mai yiwuwa an samu rabo, sai a je a yi gwaji a fara awon ciki da wuri. In daga hawan zafi zuwa jini kullum bai kai kwana goma ba, a nuna wa ma'aikatan lafiya. In wata uku sun wuce layin yana kwance ba hawa, wataƙila ƙwai ba ya fita, wataƙila kuma awon ne bai yi daidai ba. Kada mace ta yanke wa kanta hukunci a ɗaki. Amarya mai ƙarancin shekaru ma, a shekarun farko bayan fara al'ada, ba kowane wata ƙwai ke fita ba, don jikin bai gama daidaita ba. Iyayenmu surukai, a sassauta wa yaran nan tambaya.

Abubuwan da ke ɓata awo a nan wurinmu sanannu ne. Na farko masassara. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa, in ma'auni ya nuna 38 ko fiye, wannan ba zancen ƙwai ba ne, a tafi a yi gwajin masassarar cizon sauro. Na biyu, karyewar barci: mai goyon da ke tashi sau uku a dare, mai jinya, wadda ta kwana gidan biki. Na uku, watan azumi, da ake tashi dafa sahur. A lokacin sai a auna a tashin farko, a rubuta cewa lokaci ya canza. Zafin bazara na Afrilu da Mayu, da kwanan waje, da sanyin hunturu, su ma sukan ɗan motsa lambar. Duk ranar da aka samu irin wannan, a zagaye ɗigon, kada a sa shi a lissafi. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko mai allura, ko mai na damtse, awon nan ba zai nuna mata komai ba sai bayan ta daina jiki ya koma daidai.

[Gajeren kiɗa]

KASHI NA HUƊU: MAGANA DA MAGIDANTA

Iyayen gida maza, yanzu da ku nake. Ɗan kasuwar da ke Kano yau, gobe Kwatano, direban babbar mota, ɗan ci-ranin da ke zuwa gida mako biyu a shekara, duk sai ka ji ana cewa matarsa ta ƙi haihuwa. Wa ya tsaya ya lissafa ko zuwansa ya taɓa dacewa da kwana shidan nan?

Ga kuma lissafin girki. Mai mata huɗu da ke raba kwana bibbiyu, kowace mace sai ta jira dare shida kafin girki ya dawo mata. Kun ji adadin: shida. Yana yiwuwa a wani watan kwanakinta masu albarka su faɗa gaba ɗaya cikin kwanakin abokan zamanta. Ba muna cewa a yi satar kwana ba, Allah ya kiyaye, adalci wajibi ne. Amma shawara tana gyara abu da yawa. Sananne ne a tarihin Musulunci cewa Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta da yardarta. In gida akwai fahimta, ana iya musayar kwana da yardar mai shi, kuma malamanku na unguwa za su yi muku bayanin hukuncin.

Abu na biyu, kuma ku yi haƙuri da shi. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ingancin maniyyi daban. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, suna iya rage shi. Tsargiya ma, wadda ake ɗauka a ruwan kwance, tana iya taɓa hanyoyin haihuwa na mace da na namiji, don haka masu aiki a magudanan ruwan Jiratawa da bakin tabkin Madarunfa, in an ga jini a fitsari a nemi magani. Gwajin maniyyi ba tiyata ba ne, ba allura ba ce, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi. Ƙarin aure kafin gwaji ba ya warkar da abin da ke jikin miji.

KASHI NA BIYAR: MASU NEMAN HUTU, DA LOKACIN ZUWA ASIBITI

Wadda ke son tazara za ta ce, to ni fa? Gaskiya ita ce awon zafi shi kaɗai hanya ce mai wuya. Don a tsira da shi, sai an ƙaurace wa juna tun daga farkon jini har zuwa daren rana ta uku da hawan zafi, kowane wata, kuma masassara ɗaya tana iya ruɗa lissafin. Mai shayarwa kuwa ƙwanta na iya fita tun kafin ta ga jinin farko bayan haihuwa. Shayarwa tana kare mace ne in sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Akwai kuma carbin lissafin wata, mai ƙwaya 32, wanda aka tsara a Jami'ar Georgetown ta Amurka. Ya dace da matan da watansu ke tsakanin kwana 26 da 32, kuma ana kaucewa daga rana ta 8 zuwa ta 19. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kayan tazarar haihuwa kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Ki je cibiyar lafiya, wato CSI, mafi kusa da ke, a zauna da ke, ki zaɓi abin da ya dace da jikinki da gidanki.

Masu neman haihuwa kuma, ga ma'aunin lokaci. In an shekara ana tare, ana saduwa a kai a kai ba tare da kariya ba, ciki bai samu ba, a je asibiti, miji da mata. In matar ta kai shekara 35, wata shida ya isa. In jini yana ɗaukewa watanni, ko yana zuwa da ciwo mai tsanani, ko an yi ɓari a jere, kada a jira ko da wata shidan. A fara daga CSI, daga can za a tura ku gaba, zuwa cibiyar kula da uwa da yaro ta Maraɗi, wato CSME, ko babban asibitin jiha. Ku tafi da littafin awonku, zai rage wa likita tambaya. Amma ku sani takarda mai kyau ba ta nuna ko bututun mahaifa a buɗe yake ko a toshe, ba ta kuma cewa komai game da maniyyi. Wannan sai gwajin asibiti. Maganin sa ƙwai ya fita, irin su Clomid, kada a saye shi hannun masu talla a kasuwa. Likita ne ke rubuta shi bayan bincike, kuma shansa barkatai yana da illa.

Haihuwa kyauta ce ta Allah, shi ke bayarwa lokacin da ya so. Neman sanin jikinka da neman magani suna cikin bin sababi, ba su saɓa wa tawakkali ba.

Ƴar uwa, in za ki fara, ki jira ranar farko ta jinin gaba, ki buɗe sabon shafi, ki ba abin wata uku ba fashi. Maigida, kai ka sayo ma'aunin, ka tambaye ta abin da takarda ta nuna, kuma ranar zuwa asibiti ka shiga gaba. Mai tambaya ya kai ta wurin sajfam ta CSI ɗin unguwarsu, ko ya aiko mana a amsa a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba masu nema zuri'a mai albarka, ya raya waɗanda aka haifa, ya ba iyaye mata lafiya.  

[Kiɗan rufe shiri]